Da Makanike Ya Daina Zagina

A duk faɗin Dakoro babu wanda ya taɓa zagina kamar wani makaniken babura da ke bakin tasha, kuma babu wanda na yi kewar zaginsa kamar shi. Unguwarmu ɗaya, tare muka yi ƙiriniya, tare muka saci gujiya a gonar mutane, amma ban san irin baiwar da Allah ya yi wa bakinsa ba sai da wasan yaƙi na waya ya shigo gari.

Ga wanda Allah ya tsare bai san wasan ba, ga yadda yake. Jirgi ne zai kwaso mutane daga ko'ina cikin duniya ya zube su a wani tsibiri, huɗu-huɗu. Kowa zai sauka hannu rabbana, ya faɗa gidajen da babu kowa yana tsintar bindiga da harsashi da magani. Filin yana ta matsewa, ana ta kashe juna, rukunin da ya rage da mai numfashi shi ya ci. A gefen allon waya akwai ɗan hoton mikro. In ka taɓa shi, abokan tafiyarka uku za su riƙa jin ka kamar a tabarma ɗaya kuke zaune, su kuma ji duk abin da ke bayanka, daga kukan jaki har faɗan maƙwabta. A wurinmu wannan ɗan hoton shi ne wasan, harbin ƙari ne kawai.

Ni ina da shagon kayan waya da sharji, wato cajin batir, a bakin kasuwa. Ban da ni da makanike akwai wani tela mai dariyar tsiya, wanda yake wasa da waya a jingine da keken ɗinki, sai kuma wani dillalin awaki daga wajen Rumbu da ban taɓa ganin fuskarsa ba sai da muka daɗe muna mutuwa tare. Shi a garinsu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka ƙasa, sai ya hau wani tudu a bayan gari, don haka kullum muryarsa tana zuwa da iska da kukan akuya. Lokacinmu bayan la'asar ne, idan rana ta yi sanyi ciniki ya lafa, har zuwa kiran magariba.

Farkon lamarin mun sha kashi, kuma gaisuwa ce ta ja mana. Da an zuba mu cikin jirgi sai dillali ya fara: ina wuni, ina gajiya, ya zafi, ya mutanen gida, ya mai jiki. Tela ya amsa ya mayar, ni ma in karɓa. Kafin a kai kan labarin ruwa jirgi ya wuce tsibirin, ya watso mu bakin teku inda ko sanda babu. In mun tsira daga wannan, sai kwatance ya kashe mu. Dillali zai kwarma ihu, "Ga su nan gabas!" Duk mu juya gabas ɗin taswira, a harbe mu ta ƙeya. Ashe shi gabas ɗin tudun da yake zaune yake nufi, inda yake fuskanta in zai yi salla.

Makanike ne ya kawo doka, ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Gaisuwa ta ƙare tun kafin a hau jirgi. Babu gabas babu yamma, sai hagu da dama, gaba da baya. Wanda ya karya doka kuma zai ji abin da ba a faɗa a masallaci. Ni na fi kowa ji, saboda ni matsoraci ne, a wasa dai. Da na ji ƙarar harbi sai in nemi ciyawa mai tsawo in kwanta, ko in faɗa gida mafi kusa in shige makewayi in rufe ƙofa. Ina da hujjata, wanda ya ɓuya yana daɗewa. Makanike bai taɓa karɓar hujjar nan ba.

"Kai buhun gero! Tashi daga cikin hakin ga! Kwana anka aiko ka yi?"

"Dabara ta," in ce masa.

"Dabarar uwaka! Muna nan ana gasa mu, kai kana makewayi kamar wanda ya sha hura mai tsami. Hito, jakin Allah!"

Ni ma bakina ba a ɗinke yake ba. In tuna masa cewa shi jarumin shi ake fara kashewa kullum, ni matsoracin ni nake rarrafowa in tashe shi. In rezo ya yi rauni zagin yakan iso guntu-guntu, mu tsaya muna jiran sauran kamar masu jiran mota, dillali kuma sai can bayan an wuce wurin nasa kason zai same shi, ya fara ramawa shi kaɗai. Sau da yawa parti, wato zagaye ɗaya na wasan, ta ƙare tun tuni, an kashe mu duka, amma babu mai fita. Mu zauna muna cacar baki, a gangara kan tsadar hatsi, da wanda ya yi aure, da wanda aka gani a inda bai kamata ba, har ladan ya raba mu. Nakan rufe waya haƙarƙarina yana ciwo don dariya. A lokacin ban san nan ne wurin da ya fi daɗi a duk wunina ba, na ɗauka shirme kawai muke yi.

Abin da ya ɓata komai ekutar ce, ƴar igiyar nan da ake sawa a kunne. Tawa ta mutu wata Asabar ina gida. Akwai su cike da kwali a shagona, amma na san irin waɗanda nake sayarwa, don haka ban wahalar da kaina ba, na saki murya a fili. Ƙanwata ta zo hutun ƙarshen mako daga Birnin Lalle, inda take koyarwa a lakwal, makarantar boko, tana zaune gefe tana tsince wake. Tana tsincewa tana saurare. Makanike yana cikin lailayo mini ashar aka ɗauke shi da harsashi ɗaya.

"Yaya, wane na wanga mai baki kamar injin niƙa?" ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Tun ɗazu shike koya ma mutane yaƙi, ga shi shi anka hwara kashewa."

Mikro a buɗe yake. Tela ya fashe da dariya. Dillali ya ce a maimaita, iska ta hana shi ji. Makanike kuwa ya yi tsit, abin da ban taɓa ji ba tun da na san shi. Can ya ce, cikin wata murya da ban san yana da ita ba, "Wace ta?" Na ce ƙanwata ce, wadda yake kora daga ƙofar gida da tana ƙarama mai majina. Ya ce, "Ikon Allah."

Daga ranar kullum sai ya tambaye ni ko na sami sabuwar ekutar, da na ce na samu kuwa na ji ransa bai so ba. Babur ɗin ƙanwata, wanda ko tari bai taɓa yi ba, ya shiga lalacewa duk ƙarshen mako. Ban farga ba sai da baffanninsa suka yi sallama a gidanmu da goro. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ne babban namiji a ɗakinmu, don haka da ni aka zauna tare da manya, na sa babbar riga ina gyaɗa kai kamar na san abin da nake yi. Kafin nan na ja ta gefe na tambaye ta ko ta ji bakin mutumin nan da kyau. Ta ce bakin ta fara ji kafin komai, kuma wadda take wuni da aji cike da yara, mai surutu guda ɗaya hutu ne a wurinta. Aka ɗaura aure, aka sha biki, na yi murna ta gaskiya. A ganina na ci riba, abokina ya zama ɗan gida.

Ashe ban hango komai ba. A wurinmu wan matarka surukinka ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga masa murya. Ƙanen mata ne abokin wasa, wa kuwa sai kunya. Na san wannan kamar yadda kowa ya sani, ni ma haka nake yi wa yayyen matata. Kawai dai na ɗauka abin zai tsaya a zaure, ban kawo zai bi mu cikin waya har wani tsibirin da babu shi a duniya ba.

Parti ta farko bayan biki, muna cikin jirgi, sai na ji an yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Yaya, kun wuni lahiya? Ya gajiyar hidima?"

Na yi dariya, na ce ya bar iskanci. Shi bai yi dariya ba. Mai dokar hana gaisuwa ya gaishe ni har jirgi ya kusa wuce tsibirin. Da muka sauka ya tsinci bindigar da ta fi kowace kyau, wadda a da sai dai in hange ta a hannunsa, ya kawo ya ajiye a gabana ya ja da baya. A wasan akwai maɓallin da ake dannawa mutum ya durƙusa don ya ɓuya bayan katanga. Shi a tsakiyar fili ya danna shi, sojansa na cikin wasa ya durƙusa wa nawa. Tela ya yi dariya har na ji wayarsa ta faɗi ƙasa.

Abin bai tsaya nan ba. In muka sami mota ba ya shiga sai na shiga. In aka ji masa rauni, akwai wani ɗan gwangwani da ake sha jini ya dawo, sai ya zaga bayan gida ya sha don kada ya kai abu baki a gaban suruki. A can bayan gidan aka kashe shi ba sau ɗaya ba. Mafi muni shi ne gargaɗi. A da in mutum ya biyo ni ta baya, "Bayanka, jaki!" kawai zan ji, in juya in tsira. Yanzu kuwa sai in ji:

"Yaya, pardo, in ba damuwa, ina ganin kamar akwai wani bawan Allah ta wajen bayanku, ko za ku ɗan..."

Kafin ya kai ƙarshe ina kwance. Sai ya ce, "Allah shi kiyaye gaba."

Tela ne ya tsegunta mini abin da ya fi damunsa. Wai bayan biki ya zauna ya tuna cewa uwar nan da ya yi shekaru yana ambata duk yamma, ita ce yanzu surukarsa. Wai gumi ya karyo masa a take. Tun daga nan in zai zo gaishe ta, daga bakin lungu yake tuɓe takalmi. Tsohuwa kuwa ba ta san komai ba, sai yabonsa take, wai ba ta taɓa ganin yaro mai kunya irinsa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko na ji daɗin girman. Wanda aka yi shekaru ana kira buhun gero, yau ana ce masa ku. Amma daɗin bai je ko'ina ba. Tunda ba ya iya zagi ina ji, sai ya daina zagin kowa, tela da dillali ma suka kama bakinsu don kada su ba shi kunya. Gurup ɗinmu ya koma kamar zaman makoki. A yi sallama, a gaisa, a yi shiru, a kashe mu, a ce Allah shi ba da haƙuri, kowa ya rufe waya. Hirar bayan parti ta mutu. Dillali ya ce shi fa ba zai riƙa hawa tudu cikin rana don ya ji ana gaisawa ba, akwai gaisuwa a gindin tudu.

Na same shi a garejinsa. Yana hango ni ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya jawo benci ya kakkaɓe, ya tsaya gefe yana kallon ƙasa. Na ce ya zauna, ya tsuguna.

"Kai, ni na hwa," na ce. "Ni da munka saci gujiya tare."

"Hakanan na, Yaya."

"To ka bar wanga abu. Cikin waya dai, ka koma yadda kake. Ka zage ni."

"Subhanalla," ya ce, kamar na ce ya sha giya. "Wane ni."

Na koma ta wajen ƙanwata, ta ce ita babu ruwanta, ni na sa babbar riga na ba da ita. Na gwada tsohuwa cikin wasa, ta kalle ni ta ce ko so nake a ce mijin ɗiyarta ba shi da tarbiyya. Gaskiyarta kuma. Da zai kira ni jaki a bakin kasuwa bayan auren nan, da kafin magariba labari ya kai har garin Korahane, kuma ni kaina ban san yadda fuskata za ta yi ba.

Sai na koma tsokana. Na jefa gurneti a tsakiyarmu da gangan. Na kwashe maganin kowa na shige makewayi. Wata rana na ɗauko su duka a mota, muna dab da cin parti bayan mun daɗe ba mu ɗanɗana ba, na hau gada na karkata, na zuba mu cikin kogi. Na kasa kunne. Ina jin numfashinsa a mikro yana fita da ƙarfi kamar na bijimin da aka ɗaure. Na ce yau kam sai ta fashe.

"Ba komi, Yaya," ya ce a hankali. "Hanyar ta, ba ta da kyau."

Ya rufe mikro. Daga baya ƙanwata ta ba ni labari cewa ya fita bayan gida ya tsaya gaban tunkiyarsu ya yi mata zagin da har maƙwabta suka leƙo. Na yi dariya da ta faɗa, amma da na koma shago na zauna sai dariyar ta ƙare. Kewarsa nake yi, kewa mai ciwo, alhali ga shi nan a bakin tasha, kullum sai na wuce ta gabansa ya gaishe ni. Na sami suruki na kirki, irin wanda kowa yake roƙon Allah ya ba ƙanwarsa. Abokina ne ban san inda zan same shi ba.

Wata ranar kasuwa na bar shago da azahar na biya wurin tela karɓar ɗinki. Tun daga bakin rumfa na ji muryar, tsohuwar muryar, tana fita daga wayar da ke jingine da keke da dukkan ƙarfinta. Ashe sun daɗe suna buɗe wata parti a lokacin da suka san ciniki ya riƙe ni, wasan yana cike musu gurbina da duk wanda ya samu. Ran nan wani baƙo ne da ko Hausa ba ya ji. Na tsaya bayan labule ina saurare. Sai na ji makanike ya ce masa, "Tashi, buhun gero!"

Buhun gero fa, nawa. Sunan da na yi shekaru ina shan wahala a kansa, an ɗauka an ba wani ƙato a wata ƙasa, wanda ko darajarsa bai sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi ban karɓi ɗinkin ba.

Washegari na shiga gurup na sanar cewa na ajiye wasa, shekaru sun ja, shago yana son ido. Makanike ya ce, "Allah shi ƙara girma, Yaya," kuma na ji sauƙin da ya sauka a muryarsa, abin ya ƙara mini haushi. Daga nan na ɗauki wata tsohuwar waya a shago, na buɗe sabon kont, wato sabon asusun wasa, da sunan da babu wanda zai danganta da ni, na je na kama tela. Na ce ya shigar da ni a matsayin ɗan'uwan wani mai kawo masa ɗinki daga Korahane, ya ce mikron wayata ya lalace, ina ji amma ba na magana. Tela ya ce wannan shi ne abu mafi wauta da aka taɓa roƙonsa, kuma zai yi shi da gudu.

Na shiga da niyyar sauya hali don kada a gane ni. Na ce yau zan zama namiji, in tsaya a fili in yi harbi. Niyyar ta kai har lokacin da harsashin farko ya wuce ta kunnena. Ban san sa'ad da yatsuna suka kai ni gida mafi kusa ba, na shige makewayi na rufe ƙofa.

Mikro ya yi shiru. Shirun ya ɗan yi tsawo, har na ce asiri ya tonu. Sai na ji ya ja numfashi.

"Tela, ina ka samo muna wanga? Kai na Korahane! Gudawa kake? Hito nan, buhun gero, jikan raggaye, mai zuciyar kaza! Allah wadaran wanda ya saida maka waya!"

Ina can ƙuryar shago bayan kwalaye, na toshe baki da hannu ina dariya, hawaye yana zuba. Wata mata ta zo karɓar wayarta daga sharji, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce mata a'a, alheri ne. Abu ɗaya na lura da shi, duk zagin da ya yi ran nan da wanda ya biyo baya, bai ƙara ambaton uwa ba. A lokacin na ɗauka aure ne ya gyara shi.

Kafin a je ko'ina sun raɗa mini Bebe. Gurup ya farfaɗo, dillali ya koma hawa tudunsa da murna, hirar bayan parti ta dawo har sai ladan ya raba. Sai dai ni a bakin ƙofa nake zaune. Makanike zai saki wata magana da nake da amsarta a kan harshe, amsa mai zafi wadda za ta kwantar da tela ƙasa, in haɗiye ta. In na hango mutum yana laɓaɓowa bayansa ba ni da bakin ihu, sai in yi ta tsalle a gabansa ina harbin sama, shi kuma yana tambayar ko aljanuna ne suka tashi. Ni ne fa wanda tsohuwa take cewa tun ina goye ba na rufe baki. Amma na gwada ɗayar hanyar na ga inda ta kai ni, don haka na riƙe wannan.

Ana nan ƙanwata ta sami ciki. A wurinmu cikin fari ba abin da ake magana a kai ba ne. Kowa yana gani, kowa yana kau da kai, miji kuwa ko kusa ba zai buɗe baki ya ambata shi gaban dangin matarsa ba. In na je gidansu takan ce lafiya lau, ta ja zane ta rufe ƙafafu, shi kuma ya gaishe ni ya sulale waje.

Wata yamma hadari ya taso ta wajen Rumbu ya ɗauke rezon dillali, aka kashe tela ya tafi sallamar mai ɗinki. Muka rage mu biyu, kwance cikin ciyawa a bakin wani kwari, babu kowa kusa. Ban taɓa ganin ya kwanta a ciyawa da son ransa ba sai ran nan.

"Bebe," ya ce, "kai da ba ka da baki, bari in gaya maka wata magana. Mai ɗakina ba ta jin daɗi. Ƙahwahunta sun kumbura, ga ciwon kai, jiya har ta ce tana ganin duhu-duhu. Na ce mu tai likita, ta ce kowace mace hakanan take yi, wai in bar ta ta ƙare ma yara jarrabawa. Ba ta jin maganata. Maganar yayanta take ji, da ta tsohuwa." Ya sassauta murya. "Da ina da bakin tunkarar mutanen gidansu, da na ce su zo su ɗauke ta tun gobe, su kai ta a duba. Tsoro nike ji, wallahi. Amma ina ni ina wagga magana gaban Yaya."

Babban yatsana yana kan hoton mikro. Ban taɓa son yin magana a rayuwata kamar lokacin ba. Ina so in kira sunansa, in ce kada ya ji tsoro, in ce shi jaki ne da bai faɗa tun da wuri ba. Amma na san in na danna, suruki ne zai amsa mini, zai ce to Yaya, kuma ba zai sake gaya wa Bebe komai ba. Na janye yatsa. Na danna maɓallin durƙusawa, sojana ya miƙe ya durƙusa, ya miƙe ya durƙusa. Iyakar abin da nake da shi ke nan.

"To, ya isa," ya ce. "Tashi mu tai, buhun gero, hili na matsewa."

Ban jira gobe ba. Ana idar da magariba na gaya wa tsohuwa na ga ƙafafun ɗiyarta ban so su ba. Da safe ta yafa mayafi muka je muka ɗauko ta, tana ta faɗa tana tambayar wanda ya kai ƙararta. A gidan likita suka ce jininta ya hau sosai, suka riƙe ta kwanaki, suka ce gara da aka zo. Daga can gida ta wuce goyon ciki, tsohuwa ta sa mata ido har Allah ya sauke ta lafiya. Ɗiya mace aka samu, mai ƙarar murya, ba sai an tambayi inda ta gado ba.

Ranar suna da safe, bayan an yi addu'a an raba goro, uban jaririya ya ɓace kamar yadda uban ɗan fari yake yi. Sai da mutane suka ragu ya zagayo inda nake zaune a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan, idonsa a ƙasa. Muka yi doguwar gaisuwa, har da ya ruwa ya gona. Ya yi kamar zai tashi, sai ya koma.

"Yaya, an ce kun san wani bebe na Korahane."

"Na san shi," na ce.

"In kun gamu, a yi mai godiya. Ba ni da abin da zan saka mai da shi." Ya ɗan tona ƙasa da yatsa. "A kuma ce mai, don Allah, shi rage shiga makewayi."

"Za a gaya mai. Shi ma ya ba ni saƙo. Ya ce ka rage mutuwa tun ba a je ko'ina ba, yanzu kana da ɗiya."

Kafaɗunsa suka girgiza. Ya cije leɓe, bai bari dariyar ta fito ba, ni ma na kau da kai ina kallon ragon suna da ake feɗewa. Ya ce, "To, Yaya," ya ɗauki takalminsa ya tafi. Ban tambaye shi tun yaushe ya sani ba. Tela ya rantse bai faɗa ba, kuma na yarda da shi, don duk Dakoro mutum ɗaya ne yake jin harbi ya nufi makewayi.

Yarinyar yanzu tana gudu ko'ina, ni kuwa har yau Bebe nake. Tsohuwar wayar ta mutu na sake wata, na sa tela ya sanar cewa ita ma mikronta ba ya yi, babu wanda ya yi mamaki. A hanya makanike yana durƙusa mini, bayan la'asar ya kira ni jaki, kuma ya yi shekaru bai ji na mayar masa ba. Jiya ya saki wata magana a kan tumbina da ya fara fitowa, tumbin da mutumin Korahane bai taɓa nuna masa ba. Amsar tana bakina, mai kyau ce ƙwarai. Yatsana ya je kan mikro, ya daɗe a wurin, sannan na mayar da shi kan harbi.